Yadda ake zaɓen ma'aunin zafi mai gaskiya don haɗa yogot a cikin firiza

A shekarata ta biyu da fara sana'ar yogot, wata rana na kwantar da bokiti biyu na madara, lita goma-goma, a cikin tsohuwar firizar da nake ɗumama su. Da asuba na ɗaga murfi na tarar da su ruwa tsululu, yadda na zuba su haka suke, ko alamar barci ba su yi ba. Na zargi madarar gari, na zargi irin da na zuba, wato ɗan abin da ke ɗauke da ƙwayoyin da ke sa madara barci, ban taɓa kawo ma'aunin zafina a rai ba, tunda sabo ne kuma allurarsa tana motsi. Sai bayan kwana uku na tsoma shi a tukunyar ruwa tana tafasa fafal-fafal, ya tsaya a kan 91. A nan Kano ruwa yana tafasa ne a 98 da 'yan ɗoriya. Ashe digiri bakwai yake rage mini. Lokacin da na ga 45 na zuba iri hankalina kwance, madarar tana kan 52 ne, kuma firiza ta riƙe wannan zafin ta galabaitar da irin har safe.

Tun daga ranar ba na yarda da ma'auni sai na gwada shi da hannuna, komai tsadarsa. Abin da zan nuna miki ke nan, 'yar'uwa: wanda za ki saya, yadda za ki gwada shi, da inda za ki ajiye bakinsa a cikin firiza don ya faɗa miki zafin madara, ba na iska ba.

Lambobi uku kawai za ki riƙe, duka a ma'aunin Salshiyas. Na farko 85: nan ake kai madara a bar ta kamar rabin awa, don ƙwayoyin cuta su mutu kuma yogot ya yi kauri. Na biyu 43: nan ake zuba iri, nan kuma ake so madarar ta zauna awa 4 zuwa 8 har ta yi barci. Ƙwayoyin da ke wannan aiki iri biyu ne, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus, kuma tsakanin 40 da 45 suka fi jin daɗi. In zafi ya haura 50 sai su fara jigata. In ya sauka ƙasa sosai sai aikin ya yi ta jan ƙafa, wasu ƙwayoyin da ba a gayyata ba su samu fili. Na uku 4: sanyin da ke tsayar da tsami bayan yogot ya kama. A 85 kuskuren digiri biyu ko uku ba ya ɓata komai. A 43 ne yake cin jari.

Kayan da za ki tanada

Ma'aunin zafi na lamba mai dogon tsinken ƙarfe, shi ne babban kayan aiki. Ma'aunin zazzaɓi na lamba irin na kemis, wanda ake sa wa yaro a hammata. Ƙanƙarar fiya-wata leda huɗu ko biyar. Kofi mai zurfi ko filas mai faɗin baki. Tukunya. Tsumma mai tsabta da taɓarya. Salatif, biro, da ɗan farin soso irin wanda ake samu a kwalin talabijin. Firiza mai murfi a sama, ko da ta mutu, don jikinta yana riƙe zafi kamar yadda yake riƙe sanyi. In babu firiza, babbar kula ta wadatar. In kina da hali, ki ƙara da kwantirola, ƙaramar na'urar nan mai waya da sensa a bakinta wadda ke kunna wuta da kashewa da kanta. Masu ƙyanƙyasar ƙwai sun san ta sosai.

1. Ki fara da ware waɗanda ba za su yi ba

Ma'aunin gilas mai zaiba a ciki, wanda ruwansa ke ƙyalli kamar azurfa, kada ya kusanci madararki. In ya fashe, zaiba guba ce, bokitin gaba ɗaya ya tafi. Na gilas mai jan ruwa ba shi da wannan gubar, kuma sau da yawa yana faɗin gaskiya, amma ɓarɓashin gilas a cikin abin da yara za su sha ba ƙaramin abu ba ne. Ni nakan ajiye shi ne don gwada wasu ma'aunan a cikin ruwa kawai.

Mai kama da bindiga, wanda ya cika gari a 2020 lokacin korona, shi ma ki bar shi. Na goshi an ƙera shi ne don zafin jikin mutum. Ko na masu aikin injin da ke kaiwa ɗaruruwan digiri, saman abu kawai yake gani. Saman madara kuwa akwai yana da tururi, ya fi cikinta sanyi, kuma jikin tukunya mai ƙyalli yana ruɗa shi.

Mai fuskar agogo da allura, irin wanda ya jawo mini asara, ba ya buƙatar batir, wannan alherinsa ne. Amma yana da jinkiri, faɗuwa ɗaya tana iya karkatar da allurarsa, kuma dole a nutsa tsinkensa aƙalla santimita biyar kafin ya karanta daidai. In shi kaɗai kika samu, ki juya bayansa ki duba. Wanda ke da noti a ƙarƙashin fuskar ana iya gyara shi. Wanda ba shi da noti, ki ajiye wa mai shago kayansa.

2. Ki karanta bayan kwalin kafin ki biya

Abubuwa huɗu nake dubawa. Iyakarsa: ya fara daga ƙasa da sifili ya wuce 100. Yawancin na girki suna nuna daga -50 zuwa 300, sun ishe ki. Sai alkawarin daidaitonsa, wanda ake rubutawa da alamar ±. In kin ga ±1°C ya yi, in kin samu ±0.5°C ya fi. In babu wannan alama ko'ina a kwalin, kamfanin bai yi miki alkawarin komai ba ke nan.

A nan mutane da yawa suke faɗawa tarko. Ma'auni ya nuna 43.2, sai mutum ya ɗauka tunda har da ɗigo, ai ƙwararre ne. Ɗigon yana nuna ƙanƙantar matakin da allon ke iya rubutawa ne kawai. Ma'auni yana iya rubuta 43.2 alhali madara tana kan 46. Na ga irin wannan da idona fiye da sau ɗaya.

Na uku tsawon tsinke, ya kai santimita 12 zuwa 15 don ya isa tsakiyar tukunya hannunki bai sha tururi ba. Na huɗu batir. Yawancinsu ɗan ƙaramin nan mai kama da maɓalli suke ci, LR44, ana samunsa wajen masu gyaran agogo. Ki sayi na ajiya tun ranar, domin batir in ya yi sanyi lambar takan dusashe ko ta yi ta tsalle. Ki kuma duba maɓallin C da F. Digiri 43 na Salshiyas shi ne kusan 110 a Faranhait, 85 kuma 185 ne. In kika ga ma'auni ya nuna ɗari da wani abu a madara mai ɗumi, yatsa ne ya taɓa maɓallin.

In kina da dama ki sayi biyu daga kamfani daban-daban. Ranar da suka saɓa wa juna, kin san lokacin gwaji ya yi.

3. Gwajin ƙanƙara

Wannan gwaji shi ne mafi aminci, domin ƙanƙara mai narkewa tana kan sifili ne ko a Kano kike ko a Jos. Amma yawancin masu yin sa suna yin sa ba daidai ba: su cika kofi da ruwa, su jefa ƙanƙara biyu tana yawo a sama, su tsoma ma'auni ya nuna 3 ko 4, su ce ya lalace. Ruwan ƙasan kofin ne bai kai sifili ba.

Ki yanka ledar ƙanƙarar fiya-wata, ki naɗe ta a tsumma mai tsabta, ki farfasa da taɓarya har ta koma kamar tsakuwa ƙanana. Ki cika kofin da ita dam har baki, ki danna. Sannan ki zuba ruwan sanyi a hankali, ya cike ramukan da ke tsakani ya tsaya ƙasa kaɗan da saman ƙanƙarar. In ƙanƙarar ta taso ta bar ruwa zalla a ƙasa, ruwa ya yi yawa, ki tsiyaye ki ƙara ƙanƙara. Ki juya, ki jira minti biyu zuwa uku. Ki soka tsinken a tsakiya, kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa, ki riƙa motsa shi a hankali. Bayan kamar minti ɗaya lamba za ta tsaya. Ki rubuta ta.

Kada ki yi amfani da ƙanƙarar da gishiri ko sukari ya taɓa, ko ta zoɓo, don suna sauke ta ƙasa da sifili. Kuma kada ki soka tsinken a busasshiyar ƙanƙara ba ruwa, domin wadda ta fito daga firiza yanzu tana iya zama -10 ko ƙasa da haka.

4. Gwajin tafasa

A makaranta an ce mana ruwa yana tafasa a 100. Haka ne a bakin teku, kamar Legas. Duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya. Kano tana kusan mita 480 sama da teku, shi ya sa 98 da rabi ko ƙasa kaɗan shi ne daidai. A Sakkwato ki sa ran 99. A Jos, da ke kan tsauni sama da mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen 96. Da yawa sun yar da ma'auni mai lafiya saboda rashin sanin wannan.

Ki zuba ruwa mai zurfi a tukunya, ba gishiri, ki bari ya tafasa sosai yana juyawa. Ki tsoma tsinken zuwa rabinsa, nesa da gindin tukunya, don ƙarfen gindi ya fi ruwan zafi. Ki karkata shi gefe yadda tururi ba zai shiga kan da allon yake ba. Tururi ya kashe mini ma'auni fiye da faɗuwa ƙasa.

5. Gwajin da ya fi shafar yogot

Sifili da tafasa gefe biyu ne, mu kuwa aikinmu a tsakiya yake. Akwai ma'aunin da zai ci gwajin ƙanƙara amma ya kauce da digiri ɗaya ko biyu a wajen 40. Nan ne ma'aunin zazzaɓi ke da rana. Ba ya iya auna madarar girki, domin iyakarsa daga 32 zuwa 42 ne da ɗan ɗori, amma a cikin wannan ɗan tsakanin an ƙera shi ya yi daidai ƙwarai, kuskurensa bai cika wuce 0.1 ko 0.2 ba, tunda da shi ake gane zazzaɓi.

Ki surka ruwa a filas har ya yi ɗumin wankan jariri ko sama kaɗan, wajen 40. Ki juya shi sosai, ki jira minti ɗaya. Ki haɗa bakin ma'aunan biyu wuri guda, ki tsoma su tare. Na zazzaɓin bakinsa kawai za ki nutsa, ba dukkansu ke jure ruwa ba. In ya rubuta H, ruwan ya yi masa zafi, ki ƙara na sanyi. In L ya rubuta, ki ƙara na zafi. Da ya yi ƙara, ki karanta su biyun a tare. Ki kashe shi ki sake kunnawa kafin kowane awo, domin lamba mafi girma yake riƙewa ba ya sauka. Ki yi sau uku.

In na zazzaɓi ya ce 40.0 naki ya ce 38.5, kin san naki yana rage ɗaya da rabi a daidai wurin da kike buƙatarsa.

6. Ki gyara, ko ki rubuta

Mai allura: ki bar tsinkensa cikin ƙanƙara, ki riƙe notin da filaya, ki murɗa fuskar a hankali har allura ta hau sifili. Sannan ki sake gwada shi a 40. Wasu na lamba suna da maɓallin CAL, takardarsu tana nuna yadda ake yi. Wanda ba shi da wurin gyara, ki manna masa salatif ki rubuta "ƙara 1.5" da kwanan wata. Ke nan za ki zuba iri ne in ya nuna 41.5.

Wanda ba na ajiyewa shi ne mai sauya magana, yanzu ya ce 38, bayan minti biyu a ruwa guda ya ce 41. Ko wanda ke ƙari a ƙanƙara yana ragi a tafasa da tazara mai yawa. Kuskuren da ya tsaya wuri ɗaya ana iya zama da shi. Wannan kuwa ba a iya lissafinsa.

7. Inda bakin ma'auni zai zauna a firiza

Ko ma'auni ya ci duk gwajin nan, in kika rataye shi a iska zafin iska zai faɗa miki. Iskar firiza kuwa da an ɗaga murfi take sauyawa, alhali madara lita goma ba ta ji komai ba. Ki bar shi kusa da ƙwan lantarkin da ke ɗumama ciki, ya ce 50. Ki sauke shi ƙasa a kusurwa, ya ce 36. Duka a firiza ɗaya.

Tsoma sensa a cikin yogot na sayarwa ma ba na so. Yana fasa barcin, ruwa ya taru a wurin, ga maganar tsabta.

In a ƙananan robobi kike zubawa, ki ware roba ɗaya ta zama shaida. Ki cika ta da madarar nan mai iri kamar sauran, ki huda murfinta, ki zura sensa zuwa tsakiya, ki ajiye ta a tsakiyar 'yan'uwanta. Abin da ta ji shi suka ji. Wannan ba a sayar da ita, ta gida ce. In kuma a bokiti kike yi, ki manna sensa a jikin bokitin ta waje, ƙasa da inda madara ta tsaya, ki ɗora farin soson nan a kai, ki naɗe da salatif ya kama tsam. Soson yana tare iska, sai sensa ta ji zafin bokitin kaɗai. Wayar ki bi da ita ta ƙarƙashin robar murfi, ta gefen baya. Kada ki huda jikin firiza mai aiki, bututun gas a cikin bangonta suke.

In ba ki da ma'auni mai waya, ki sa roba shaida kusa da murfi, ki auna ta da mai tsinke sau biyu kawai: bayan awa biyu, da bayan awa huɗu. Yawan buɗewa yana zubar da ɗumi.

Da bazara, watan Afrilu da zafin Kano ke kaiwa 40, bokiti babba yana riƙe kansa ba tare da taimako ba. Da hunturu ne ake shan wuya. In babu wuta, ki cika jarkoki biyu da ruwa mai zafin 55, ki sa su a firiza rabin awa kafin madara ta shiga, ki bar su a ciki ba tare da sun jingina da robobin ba. Kuma in firizar matacciya ce kina da yara a gida, ki sa mata kwaɗo. Yaro yana iya shiga wasan ɓuya murfi ya rufe shi.

8. In za ki sa kwantirola

Biyu aka fi gani. STC-1000 ita ce mai arha, sai an haɗa mata waya. Inkbird ITC-308 tana zuwa da filogi da soket biyu, ɗaya na zafi ɗaya na sanyi, sokawa kawai ake yi. Dukansu ±1°C suka yi alkawari, don haka sensarsu ma sai ta shiga ƙanƙara da ruwan 40 kamar kowa. Ƙarshen ƙarfen kawai za ki nutsa, don in ruwa ya shiga ta mahaɗar waya lambar takan fara kaucewa a hankali.

STC-1000 tana da ta wuta mai ƙarfin bolt 12, da ta 110, da ta 220. Ta 220 ce ta wutarmu, ki duba jikinta. Haɗin kuma ki ba mai aikin wuta, ki gaya masa wuraren zafi da sanyi da ke bayanta makunni ne kawai, ba sa fitar da wuta da kansu. Wannan ne kuskuren da aka fi yi, a haɗa a ga allo ya kama amma ƙwan bai kama ba.

Saitin STC-1000 huɗu ne. F1 zafin da kike so, 43. F2 tazarar da za ta bari kafin ta sake kunnawa, ki sa 1. F3 jinkirin kwamfiresa, wato injin sanyin firiza. F4 wurin gyaran kuskure: in gwaji ya nuna tana rage 1.5, ki sa mata 1.5 a nan, kin huta da salatif. Abin ɗumamawa kuma ƙwan lantarki ne irin na da mai zare, wat 40 ko 60, a kife shi da gwangwanin da aka huhhuda, nesa da bango da robobi. Ƙwan LED ba ya ba da zafin kirki. In firizar mai aiki ce, ki zare filoginta tsawon lokacin ɗumamawa.

9. Sanyaya

Da yogot ya kama, in kika karkata roba ya rabu da gefe a dunƙule, sai a hanzarta sanyaya shi, in ba haka ba tsami zai ci gaba. Bokiti mai zafin 43 yana daɗewa kafin sanyi ya ratsa tsakiyarsa, shi ya sa nake fara tsayar da shi a bahon ruwan sanyi kafin ya shiga firiza.

Firiza kuwa in aka bar ta da kanta daskarar da shi za ta yi, in ya narke ya tsinke ya yi gudaji. Ki cire ƙwan, ki mayar da firizar kan gefen sanyi na kwantirola, F1 ya koma 4, F2 ki sa 2, F3 aƙalla minti 5. Jinkirin nan yana kare kwamfiresa, musamman a wurinmu da wuta ke ɗaukewa ta dawo cikin minti ɗaya. Yanzu sensa ta shiga ƙaramar gorar ruwa ta rabin lita. In gorar ta yi girma, kafin ta ji sanyi robobin da ke gefe sun daskare. Kada sensa ko robobi su taɓa bango, nan sanyin yake fitowa. Ki shimfiɗa katako ko kwando a ƙasa, domin sanyi ƙasa yake kwanciya, kan tudun nan da kwamfiresa ke ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina ɗumi.

Akwai ƙaramin ma'aunin firji mai maɓallin MAX da MIN, yana riƙe lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta tun lokacin da aka goge shi. Ina son sa ƙwarai saboda ɗaukewar wuta cikin dare. Kwantirola tana mutuwa tare da wuta, shi kuwa da batir yake aiki. Da safe in na danna MAX na ga 6, na san kayana lafiya. In na ga 15, na san sun yi awanni ba sanyi, ranar sai na ɗanɗana kafin su fita, kuma ba sa kwana na biyu.

Gwajin ƙanƙara ina maimaita shi farkon kowane wata, da duk ranar da ma'auni ya faɗi ƙasa ko na sauya masa batir. Na ruwan 40 kuma sau biyu a shekara, shigowar hunturu da shigowar bazara. Bayan kowane aiki ki goge tsinken da ruwan zafi da sabulu, kansa yana sama don kada ruwa ya gangara cikin allon, ki busar, ki mayar da shi kubensa.